Hayar jirgin alfarma a Ibiza: wa ke biyan cikon kuɗin?



Cikin makon da ya gabata wani ɗan'uwa ya ɗora mana gajeren bidiyo. Wasu samari ne a kan farin jirgin ruwa na alfarma, kiɗa na tashi, ruwan da ke ƙarƙashinsu garau har ana hango yashin ƙasa, ɗaya daga cikinsu yana ɗaga murya da Hausa yana cewa sun iso Ibiza. Kafin gari ya waye sharhi ya cika. Wannan ya ce "Allah ka ɗanɗana mana", wancan ya ce "ai wannan ita ce rayuwa". Da wani ya tambayi nawa ake kashewa, kuma daga ina kuɗin ya fito, sai aka yi masa ca, aka ce baƙin ciki ke damunsa.

Mu masu kula da wannan zaure mun tattauna, mun ga ya dace mu tsaya tare da mai tambayar. Ba mu san samarin nan ba, ba kuma za mu yi musu ƙazafi ba. Da sha'awar da muka nuna muke magana. Matsayinmu shi ne, hayar katafaren jirgi don zagaya tsibiran Ibiza da Formentera bai cancanci a yi masa "Allah ka ba mu" ba, domin mai hayar ba ya biyan cikakken kuɗin abin da ya ci. Cikon yana kan tekun, yana kan mutanen tsibirin, wani lokaci ma yana kanmu. Ku ba mu aron kunnuwanku mu kawo hujjojinmu, sannan wanda bai gamsu ba ya zo da tasa.

Mu fara da sanin wurin. Ibiza tsibiri ne na ƙasar Sifaniya a cikin tekun Bahar Rum, ɗaya daga cikin rukunin tsibiran da ake kira Baleares. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 570, mazaunansa kimanin 160,000. Daga kudu akwai ƙanwarsa Formentera, murabba'in kilomita 83 kacal, mutanenta kimanin 11,000. Waɗannan ƙananan wurare biyu suna karɓar baƙi sama da miliyan 3 a shekara, mafi yawansu a watannin zafi, musamman Yuli da Agusta. Abu biyu ke jawo su. Na farko gidajen rawa irin su Pacha da aka buɗe tun 1973, da Ushuaïa da ya zo a 2011, inda ake kwana ana cashewa. Na biyu bakin teku mai farin yashi da ruwa garau, irin na Ses Illetes a Formentera. Tsarin mai hayar jirgi sananne ne: ya kwana a gidan rawa, ya yi barci a jirgi, da hantsi kyaftin ya ja shi zuwa Formentera ya yi iyo ya ci abincin rana, da yamma a dawo da shi tashar Ibiza a sake sabon lale.

To nawa ne kuɗin? Jirgi mai inji mai tsawon mita 40, da kyaftin da kuku da sauran ma'aikata, ba abin mamaki ba ne a nemi Yuro 100,000 ko fiye a mako guda lokacin da kasuwa ta buɗe. Wannan kuɗin jirgin ne da ma'aikatansa kawai. A kan haka za ka ajiye kusan kashi 30 cikin 100 tun kafin ka hau, na mai da cefane da kuɗin tsayawa a tasha. Gwamnatin Sifaniya za ta karɓi harajinta na kashi 21 cikin 100. Ranar sauka kuma al'ada ce ka ba ma'aikata tukuici, kashi 10 cikin 100 ko abin da ya yi kusa da haka. Ku haɗa da kanku: 100,000 da 30,000 da 21,000 da 10,000, ya kama Yuro 161,000 a kwana bakwai. Mafi ƙarancin albashi a Sifaniya a 2025 Yuro 16,576 ne a shekara. Ke nan matar da ke gyara gado a otal ɗin da ke kallon tashar, idan a kan mafi ƙarancin albashi take, sai ta yi kusan shekara goma tana aiki ba ta ci ba ta sha ba kafin ta tara kuɗin makon nan ɗaya. A canjin da aka yi ta gani a 2025, kuɗin ya haura Naira miliyan 250. Mai karɓar Naira 70,000 a wata sai ya yi kusan shekara 300.

Mun san abin da wasu za su ce: kuɗinsa ne, gumin goshinsa ne, ya kashe yadda ya ga dama. Da a ce ya biya duk abin da ya ci, da mun yi shiru. Amma akwai abin da ba ya cikin rasit, kuma na farko shi ne ruwan nan garau da ya burge mu a bidiyon.

Ruwa ba ya tsami banza, haka kuma ba ya yin garau banza. A ƙarƙashin teku tsakanin Ibiza da Formentera akwai wata ciyawa da masana ke kira Posidonia. A Bahar Rum kaɗai take fitowa. Tsiro ce sosai, tana da saiwa da ganye, tana fure, tana shimfiɗuwa a ƙasan teku kamar makiyaya tun daga kusa da gaɓa har zurfin mita 35 zuwa 40. Ita ke kama laka da dattin da ke yawo cikin ruwa ta danne su a gindinta, shi ya sa ruwan ke washewa. Tana fitar da iskar da kifi ke shaƙa, ƙananan kifaye a cikinta suke ɓuya har su girma. Tana rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa, busasshen ganyenta kuma idan ya taru a bakin teku shi ke hana ruwa kwashe yashi lokacin hunturu. A taƙaice, farin yashin da ruwan garau da ake biyan dubban Yuro a je a gani, aikin ciyawar nan ne. Saboda ita, tare da tsohon birnin Dalt Vila mai ganuwa da kufan Finikiyawa, hukumar UNESCO ta sa Ibiza cikin wuraren gado na duniya a 1999.

Ciyawar nan ba ta da saurin girma ko kaɗan. Saiwarta 'yan santimita kawai take ƙaruwa a shekara, abin da bai kai tsawon yatsanka ba. A binciken da aka wallafa a 2012, masana sun gano cewa a kusa da Formentera akwai tsiro guda da ya yaɗu tsawon kilomitoci, suka ƙiyasta shekarunsa sun kai dubbai masu yawa, wataƙila har dubu ɗari. Ana lissafa shi cikin halittu mafi daɗewa a raye a duniya.

Yanzu ku dubi abin da katafaren jirgi ke yi idan ya zo tsayawa. Yana sakin anga, wato ƙatuwar ƙugiyar ƙarfen da ke riƙe jirgi a wuri ɗaya, mai nauyin ɗaruruwan kilo. Anga ba ta tafiya ita kaɗai, tana haɗe da sarƙa mai kauri, kuma ƙa'idar matuƙa jirgi ita ce a saki sarƙa ninki uku zuwa biyar na zurfin ruwan. Idan zurfin mita 15 ne, sarƙar da aka saki za ta iya kai mita 60. Iska na juyawa, jirgi na juyawa, sarƙar nan tana share ƙasan teku tana zagayawa kamar ana aske kai. Da lokacin tashi ya yi, inji ya ja angar, ta taso da ciyawa da saiwa da ƙasa gaba ɗaya kamar garma ta bi gona. Mai haya yana sama yana cin kifi yana ɗaukar hoto, bai ga komai ba. Ramin da aka bari a ƙasa kuwa sai an yi shekaru aru-aru kafin ya rufe, idan ma ya rufe. Ku ɗauka mutum ya zo garinku ya ga kukar da kakannin kakanninku suka tarar, ya sare ta don ya samu wurin ajiye mota na yini ɗaya, sannan ya biya mai gadi ya tafi. Wa zai ce masa ai kuɗinsa ne?

Hukumomin wurin ba su yi barci ba. A watan Yulin 2018 gwamnatin tsibiran Baleares ta kafa dokar da ta haramta sakin anga a kan wannan ciyawa. An zuba ƙananan jiragen sintiri da ke zagayawa suna leƙa ƙasan ruwa, suna tayar da wanda ya tsaya inda bai dace ba. An kafa wuraren ɗaure jirgi da ba sa buƙatar anga. Akwai ma manhajar waya da ke nuna wa kyaftin inda ciyawa take da inda yashi yake. Majalisar Formentera ta ƙaddamar da shirin ceton ciyawar tun 2017. Duk da haka kowace shekara masu sintiri suna ci gaba da tayar da jirage daga kanta, domin 'yan sintiri kaɗan ne, jirage kuwa a watan Agusta ba sa ƙirguwa, kuma wanda ya biya Yuro dubu ɗari yana son a tsayar da shi daidai inda hoto zai yi kyau.

Idan kuma an kama, wa ake kamawa? Ga misali biyu daga wasu sassan tekun. A Faransa, a 2023, kotun harkokin teku ta Marseille ta ci tarar wani kyaftin Yuro 20,000 saboda sakin anga a wuraren da aka hana don kare wannan ciyawa. Kyaftin aka hukunta, wato ma'aikaci, kuma tarar ba ta kai kuɗin mai da cefanen mako ɗaya a lissafinmu na sama ba. A Girka, a watan Yunin 2024, gobara ta ci dajin tsibirin Hydra, hukumomi suka ce wasan wuta da aka harba daga wani jirgin haya ne ya haddasa ta. Ma'aikatan jirgin 13 aka kama nan take. Baƙin da suka yi hayar, 'yan ƙasar Kazakhstan, sun riga sun bar ƙasar kafin tuhuma ta iso kansu. Haka tsarin yake: mai kuɗi ya ba da umarni, yaron jirgi ya kwana a hannun hukuma.

Abu na biyu da ba ya cikin rasit shi ne wurin kwanan waɗanda ke yi wa baƙin hidima. Kowane kwalin kankara da aka loda wa jirgi, kowane zanin gado da aka wanke, kowane faranti a gidan abincin bakin teku, hannun mutum ne ya yi. Ina mutumin nan ke kwana? Kuɗin hayar gida a Ibiza yana cikin mafi tsada a duk Sifaniya, domin mai gida ya gane cewa abin da baƙo zai biya a mako ya fi abin da ma'aikaci zai biya a wata. Sakamakon haka akwai masu aiki, masu albashi, da ke kwana a cikin mota, da tanti, da ɗakin katako a fili. A ƙarshen watan Yulin 2024 'yan sanda suka tashi wani sansani da ake kira Can Rova a wajen birnin Ibiza, inda ɗaruruwan mutane ke zaune a irin wannan hali, da yawansu ma'aikata, wasu da 'ya'yansu. Jaridun Sifaniya sun ba da labarin malamar makarantar da ta gwammace ta riƙa hawa jirgin sama kullum daga tsibirin Mallorca ta zo aiki ta koma, don hakan ya fi mata sauƙi a kan kama ɗaki. Asibiti da ofishin 'yan sanda suna fama da ƙarancin ma'aikata, saboda wanda aka turo ba ya samun inda zai sa haƙarƙarinsa. Tsibirin da ke da wurin ajiye jirgi mai tsawon mita 80 ya rasa ɗakin ba malamin firamare.

Abu na uku ruwan sha ne. Ibiza busasshen wuri ne tun asali. Musulmin Andalus da suka mulke shi daga shekarar 902 zuwa 1235 suna kiransa Yabisa, kuma duk wanda ya taɓa karatun Larabci ya san kalmar ta yi daidai da "busasshiya". Sun san darajar ruwa, suka haƙa magudanan ban ruwa da har yau ana ganin ragowarsu a Ses Feixes, dab da tashar da jiragen alfarma ke tsayawa a yanzu. A yau an zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa har gishirin teku ya kutsa cikin rijiyoyi da dama. Tsibirin ya dogara da masana'antu uku masu tace ruwan teku, Formentera tana da ɗaya. A irin wannan wuri ake wanke jirgi da ruwan daɗi don kada gishiri ya dusashe masa ƙyalli. Ga mai kuma: babban jirgi yana shan ɗaruruwan lita a awa guda idan yana tafiya, idan ya tsaya kuma janareto ba ya mutuwa dare da rana saboda na'urar sanyaya ɗaki. Mu da muka san zafin layin gidan mai, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai.

Sai hujja ta biyu da ake kawo mana, cewa ai harkar tana samar da aiki. Gaskiya ne, kuma ba za mu ɓoye ba. Kafin shekarun 1960 Ibiza tsibirin talakawa ne, manoma da masunta da masu haƙar gishiri, samarinsa suna ƙaura neman abinci. Baƙi ne suka kawo kuɗi, suka kawo hanya da filin jirgin sama. Amma ba mu ne muka fara cewa abin ya wuce gona da iri ba, masu wurin ne. A watan Mayun 2024 mutanen Ibiza suka fito zanga-zanga a ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Prou Eivissa. Kalmar "prou" a harshensu na Katalan tana nufin "ya isa". A Palma, babban birnin tsibiran, dubbai suka fito a watan Mayu da na Yuli na shekarar. Tun 2016 ake karɓar harajin kwana daga baƙi don gyara ɓarnar da yawansu ke jawowa. Formentera ta taƙaita yawan motocin da ke shiga cikinta lokacin zafi tun 2019, Ibiza ta bi sahu a 2025. Idan mai ɗaki ya ce ɗakinsa na yoyo, mu da muke kallo ta waya daga nesa ba mu da bakin cewa ƙarya yake. Aikin da mai yin sa ke kwana a mota, a yi masa suna na gaskiya.

Hujja ta uku ita ce wadda aka jefi ɗan'uwanmu da ita: hassada. Wannan kalma ta zama sandar da ake rufe wa talaka baki da ita a duk lokacin da ya yi tambaya. Mai hassada so yake ni'ima ta bar wani. Mu ba mu roƙi a talauta kowa ba. Cewa muka yi wanda ya ci ya biya, kada ya bar wa wasu bashin. Kuma mun bambance. Iyalin da suka haɗa kuɗi suka ɗauki ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, suka ɗaure shi inda aka tanada ko suka saki anga a kan yashi, ba da su muke ba. Da katafaren gida mai hawa uku da ake jansa a kan ruwa don mutum goma su yi hoto muke.

Hujja ta huɗu ita ce ta fi ƙarfi: ina ruwanmu da Ibiza, mu da ke fama da namu? Da ruwanmu, ta hanya biyu.

Hanya ta farko, ba jiragen alfarma kaɗai ke nufar Formentera ba. Daga gaɓar Aljeriya zuwa tsibirin bai kai kilomita 300 ba. A 'yan shekarun nan wannan ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da 'yan ci-rani ke bi zuwa Turai. Dubban mutane ke isa tsibiran Baleares a shekara cikin ƙananan kwale-kwale, da farko galibi 'yan Aljeriya, yanzu kuwa har da 'yan Afirka ta Yamma da Somaliya. Wasu ba sa isa, sai dai teku ta turo gawarsu. Hanyar da ke kai mutum gaɓar Aljeriya daga kudu kuwa mun san ta: Agadez, Arlit, Assamaka, Tamanrasset. Mun kuma san yadda ake kwaso mutane daga Aljeriya a zube su cikin sahara kusa da Assamaka su ƙarasa da ƙafa. Me ke sa yaro ya sayar da gonar gado ya kama wannan hanya? Talauci na ciki, rashin aiki na ciki. Amma kada mu yaudari kanmu, hotunan da yake gani a waya ma suna ciki. Duk lokacin da muka yaɗa bidiyon jirgin alfarma muka rubuta "wannan ita ce rayuwa", muna gaya wa ƙanenmu cewa tasa ba rayuwa ba ce. Idan Allah ya sa ya tsallaka da rai, abin da ya fi yiwuwa shi ne ya tarar da kansa cikin 'yan Afirkan da ke yawo a yashi suna tallar tabarau suna gudun 'yan sanda, yana hango jirgin daga nesa kamar yadda yake hango shi a waya.

Hanya ta biyu, tambayar "daga ina kuɗin ya fito" tana da tarihi. Akwai wani jirgin alfarma mai suna Galactica Star, tsawonsa mita 65, mallakin ɗan kasuwar man fetur ɗan Nijeriya Kola Aluko. Jirgin haya ne, har mawaƙan Amurka Beyoncé da Jay-Z sun taɓa ɗaukarsa suka yi hutu a Bahar Rum. A watan Yulin 2017 ma'aikatar shari'ar Amurka ta shigar da ƙara tana neman ƙwace kadarori na kimanin Dala miliyan 144, ciki har da jirgin nan da aka yi wa kuɗi kusan Dala miliyan 80. Zargin shi ne an saye su da ribar kwangilolin mai da aka samu ta hanyar ba da cin hanci ga ministar man fetur ta lokacin, Diezani Alison-Madueke, wadda ta musanta aikata laifi. A watan Janairun 2025 Amurka da Nijeriya suka sa hannu kan yarjejeniyar dawo da Dala miliyan 52.88 daga waɗannan kadarori, aka ce Dala miliyan 50 za a sa su a aikin kai wutar lantarki karkara. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Kuɗin da ke yawo a kan teku ana shan iska, shi ne daga baya aka ce za a kai wa ƙauyuka wuta da shi. Wataƙila a lokacin da hotunan jirgin ke yawo, akwai ɗan ƙauyen da ya kalle su da ragowar cajin da ya biya a shagon mai janareto, ya ce Allah ka ɗanɗana mana, bai san da haƙƙinsa a ciki ba.

Kuma ba mu manta da watan Nuwamban 2023 ba, lokacin da aka ga Naira biliyan 5 na jirgin ruwan shugaban ƙasa a cikin ƙarin kasafin kuɗi, 'yan watanni bayan cire tallafin mai. Fadar shugaban ƙasa ta ce jirgin aikin sojan ruwa ne. Jama'a suka yi ca, Majalisar Wakilai ta cire kuɗin ta mayar da su asusun bashin karatu na ɗalibai. A ranar duk zauren nan murya ɗaya muka yi. To me ya sa idan jirgin na kasafi ne muke tambaya, idan kuma na bidiyo ne sai mu ce mai tambaya ɗan baƙin ciki ne? Ba kowane mai hayar jirgi ne ɓarawo ba, mun yarda. Amma al'ummar da ta daina tambayar asalin dukiya, ta koma tafa wa duk wanda ya fito da ita, ita ce ke buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Ga abin da muke nema, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Ga 'yan zaure: idan irin wannan bidiyo ya zo hannunka, kafin ka tura wa wani ka tuna da sarƙar da ke ƙarƙashin ruwan, da mai wankin farantin da zai kwana a mota. Idan wani ya tambayi asalin kuɗi, a ba shi amsa ko a yi shiru, a daina zaginsa. Ga 'yan'uwanmu da Allah ya buɗa wa, musamman mazauna Turai da ke cikinmu, babu wanda ya hana ku ganin ƙasar Allah. Akwai jirgin fasinja da ke tashi daga Ibiza zuwa Formentera, tafiyar kusan rabin awa, ruwan da mai Yuro dubu ɗari zai yi iyo a ciki shi ne za ku shiga. Ku hau ganuwar Dalt Vila, ku je ku ga filayen gishirin Ses Salines da ake haƙa tun zamanin da. Idan kuma lallai sai kun ɗauki jirgi, ku ɗauki ƙarami, ku gaya wa kyaftin tun a tasha cewa ba ku yarda a saki anga a kan ciyawa ba ko da hoto zai ɓaci, ku kuma ba ma'aikata haƙƙinsu cikakke. Sannan ku yi wa ƙannenku na gida adalci: idan kun nuna musu jirgin, ku nuna musu tantin.

Ga ɗan'uwan da aka yi wa ca kuwa, muna ba ka haƙuri a madadin zauren nan. Tambayarka tana kan hanya.

Fili a buɗe yake kamar kullum. Wanda ya taɓa aiki a tsibiran nan ko a kan irin waɗannan jirage, muna son jin ta bakinsa. Wanda yake ganin mun yi kuskure ya kawo hujja, za mu karanta, idan ya fi mu gaskiya mu karɓa. Zagi da gori dai za a goge su. Allah ya ba mu arziki mai albarka wanda ba a ɗora wa kowa nauyinsa ba, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.